Fasa Tsohon Gida A Sake Shi A Sakkwato: Tambayoyi Da Amsoshi Kan Abin Da Zai Ci

Tun da muka fasa gidanmu na cikin gari muka sake shi, da wuya a yi mako biyu wani bai tare ni da zancen ba, ko a bakin masallaci ko a wajen ɗaurin aure. Wani gidan gado ne ya faɗo hannunsa, wani ya sayi tsohon gida a Rijiyar Ɗorowa ko Tudun Wada saboda kusancin kasuwa, wani kuma gidan lokos ne a Gwiwa ko Arkilla da ya tsufa da shi a ciki. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda.

Wane irin gyara ake nufi a nan?

Ba kwaskwarima ba. Kwaskwarima ita ce fenti, sauya ƙofa, toshe yoyo, iyali ma ba sai sun tashi ba. Abin da muke magana a kai shi ne a tuɓe gida: a sauke kwano da katakonsa, a ɓamɓare yaɓe, a fasa daɓe, a zare wayoyin wuta da bututun ruwa, a bar bango da harsashi kawai. Wani lokaci a rushe wasu bangayen a canza tsarin ɗakuna, sannan a mayar da komai sabo.

Gaba da wannan sai rusau, a share fili a haƙa sabon harsashi. Mutane da yawa da niyyar kwaskwarima suke ɗaga kwanon farko, kafin su ankara sun kai ga rusau.

To, nawa zai ci?

Duk wanda ya yanke maka farashi bai shiga gidan ya ƙwanƙwasa bango ba, kifi ya sayar maka a ruwa. Ko wanda ya shiga ma, lissafinsa na naira ba ya jimawa. A watan Oktoban 2023 kamfanin BUA ya sanar da cewa zai riƙa fitar da buhun siminti daga masana'anta a kan naira 3,500. Zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haura 10,000 a garuruwa da dama, har sai da Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da masu kamfanonin aka tsaya a kan 7,000 zuwa 8,000. Ko wata biyar ba a yi ba. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a farkon 2024, tayil da waya da fenti da kayan banɗaki suka bi bayanta.

Saboda haka ka bar tambayar miliyan nawa, ka koma tambayar buhu nawa, bulo nawa, rodi nawa, kwali nawa. Adadin kaya yana nan yadda yake ko dala ta hau ko ta sauka. In kana da shi a takarda, wuni ɗaya ya ishe ka ka zagaya masu sayar da kayan gini ka ɗora farashin ranar. Amsar da ke biye ta nuna yadda ake yi.

Yaya ake wannan lissafin kayan?

Mu ɗauki gida mai ɗaki uku da falo, tsawonsa mita 12, faɗinsa mita 10. Kewayen bangon waje mita 44 ne, a ce bangayen ciki sun kai mita 36, jimla 80. Tsayin bango mita 3, ka sami murabba'in mita 240. Cire wajen 30 na ƙofofi da tagogi, saura 210. Bulo goma ke cika murabba'in mita ɗaya, to in duka bangayen za a sake, bulo 2,100 ke nan, ban da na harsashi da wanda zai fashe wajen saukewa. Buhu ɗaya kan ɗora bulo kusan 50, ka ga ɗorawa kaɗai ta ci buhu 40 da 'yan kai. Yaɓe ciki da waje murabba'in mita 420 ne, buhu kan rufe kusan 10 in bango a miƙe yake, wasu 40 ɗin ke nan. Tsohon bango mai tudu da kwari ya fi haka ci nesa ba kusa ba.

Tayil mai santimita 60 da 60 guda huɗu ne a kwali, murabba'in mita 1.44. Daɓen murabba'in mita 100 zai ci kwali 70, ka ƙara bakwai saboda yanka da fashewa. Ka saye su lokaci guda, don in ka koma bayan wata biyu da wuya launin ya zo ɗaya ko da sunan bai canza ba. Rodi tsawonsa mita 12 ne. Mai kaurin milimita 12 wajen guda 93 ke yin tan ɗaya, mai 16 wajen 52. In aka ƙirga maka fiye da haka a tan, kar ka yi murna, rodin ne bai cika kauri ba.

Akwai masu karatun ƙiyasin gini da wannan ce sana'arsu. Abin da za ka ba su su auna gidan su rubuta maka komai dalla-dalla bai kai asarar tifa ɗaya ta tsakuwa ba.

Ba a Kalambaina ake yin siminti ba? Ai ya kamata gini ya yi mana araha.

Kusancin Kalambaina da garin Sakkwato yana rage kuɗin mota, wannan gaskiya ne. Masana'antar tun 1967 take aiki, shekara biyar bayan kafa kamfanin, yanzu tana hannun BUA wanda ya buɗe sababbin layuka a 2018 da 2022. Amma farashi na bin kasuwar ƙasa baki ɗaya, kuma tsakaninka da ƙofar masana'anta akwai dillalai.

Abin da ke gasa wa Basakkwace aya a hannu shi ne kayan da ba a nan suke ba. Garin a kan farar ƙasa da laka da yashi yake zaune, wannan farar ƙasar ce ma ta jawo masana'antar. Dutsen da ake fasawa a sami tsakuwa mai ƙarfi sai an nufi wajen Zamfara. Katako daga Kudu yake zuwa, rodi da tayil da kayan banɗaki su ma sai sun yi doguwar tafiya a mota. Duk ranar da man dizal ya motsa, a kansu za ka fara ji.

Wane ɓangaren aikin ya fi cin kuɗi?

Ƙarasawa. Bango yana tashi cikin makonni, mutum ya ga an kai linta ya fara gayyatar abokai su zo su gani, ya ɗauka ya ci rabin tafiya. Alhali rufi, silin, waya, famfo, ƙofofi, tagogi da ƙarfensu, tayil, fenti, kicin da banɗaki suna nan suna jira, kuma a nan ne abu ɗaya ke da farashi biyar. Bulo bulo ne, amma masai na zama ana samun wanda ya ninka ɗan'uwansa sau goma.

Shawarata, ku zauna da uwargida tun kafin a taɓa kwano ku yanke irin tayil da ƙofofin da za a sa, a rubuta. Sauya ra'ayi ana tsakiyar aiki, musamman matsar da banɗaki ko kicin bayan an binne bututu, ya fi tashin farashi illa.

Yaya zan gane ko gyarawa zan yi ko rushewa?

Harsashi da bango ne za su gaya maka. Ka sa a haƙa rami biyu ko uku a gindin bango a ga zurfin harsashin da abin da aka yi shi da shi. Ka duba tsagewa: siririya mai bin yaɓe ba komai ba ce, amma wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, yatsa na shiga, ƙasa ce ke motsi. Ana yawan ganin haka a unguwannin da suka gangara wajen fadama, inda laka ke kumbura da damina ta tsuke da rani.

Gidajen cikin gari da yawa ginin ƙasa ne aka yi musu rigar siminti. Ɗauki makulli ka bi bango kana ƙwanƙwasawa; inda ka ji yana amsawa kamar ganga, yaɓen ya rabu da bangon, wataƙila ruwa ya daɗe yana kwana a tsakani. In harsashi lafiya yake kuma yawancin bangaye na nan daram, gyara ya fi sauƙi. In za ka sake fiye da rabin bangayen, ka kuma ɗaga daɓe, ka kuma canza tsari, to riƙe sauran ba tattali ba ne, rushewa ta fi. Mai niyyar bene ya duba amsar bene a ƙasa kafin ya yanke.

Me aka fi tararwa bayan an fasa, wanda ba ya cikin lissafi?

A gidanmu, ranar da aka fara haƙa ramin fila a ɗakin da kakarmu ta yi shekara da shekaru tana kwana, diga ta nutse har ƙota. Ashe tsohuwar salga ce aka rufe da azara da ƙasa tun kafin a haife mu, cikin masu rai babu wanda ya san da ita. Magini ya leƙa, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, wanga rami sai ya sha tifa biyu." Uku ya sha, kuma dole aka matsar da filar. Tsofaffin rijiyoyi ma haka ake tarar da su.

Na biyu gara. Katakon rufin da ka hango daga ƙasa lafiya lau, kafinta ya hau ya danna da babban yatsa ya zubo kamar garin rogo. Wanda ya yi lissafin sake amfani da tsohon katako ya cire shi daga zuciyarsa, sabon ma a shafe shi da maganin gara kafin a ɗora, a kuma yi wa ƙasa feshi kafin a zuba daɓe. Na uku kanwar da ke fitowa a gindin bango, fenti ya kumbura, yaɓe ya riƙa zubewa. Danshin ƙasa ne ke hawa saboda ba a sa abin tare shi ba lokacin ginin farko. Manna tayil a kai gyaran gangar Auzinawa ne, danshin sama zai ƙara yi ya ɓullo ta saman tayil ɗin. Sai an gyara magudanar da ke jiƙa gindin bangon, an shimfiɗa leda mai kauri ƙarƙashin sabon daɓe.

Na huɗu titi. Kowace kwalta da aka sake, kowace kwata da aka gina, titi na hawa gida na sauka. Mutanen Mabera da suka sha fama da ambaliya sun san wannan. In daɓenka ya koma ƙasa da bakin kwata, sai an yi ciko, ciko kuma ya rage tsayin ɗaki, sai a ƙara bulo a sama, a ɗaga ƙofofi da tagogi. Abu ɗaya ya haifi huɗu.

Nawa zan ware saboda irin waɗannan?

A sabon gini kashi 10 cikin ɗari ake cewa. A tsohon gida kar ka yi ƙasa da kashi 20. Ka ajiye shi daban, kar magini ya san da zamansa.

Gidan gado ne, 'yan'uwa sun ce in gyara kawai, babu komai. In fara?

Kar ka sauke ko buhu ɗaya sai an rubuta. "Babu komai" ta yau ita ce "ai gidan babanmu ne" ta shekara goma masu zuwa, lokacin da masu maganar wasu sun rasu, 'ya'yansu ne a gabanka. Mafi tsafta a raba gadon yadda shari'a ta tsara, a fitar wa kowa kasonsa, mata da ƙananan yara da na wata uwa duka, in ya so ka sayi kason wanda zai sayar. In ba za a raba yanzu ba, a sa masu sanin kasuwar gidaje su yi wa gidan kuɗi kafin a taɓa shi, a rubuta matsayin abin da za ka kashe: kyauta ce, bashi ne a kan gidan, ko ƙarin kaso. Kowa ya sa hannu a gaban shaidu, da mai unguwa da liman, in da hali a kai gaban alƙali ya tabbatar.

Wannan ya fi shafar 'yan'uwa mata da ke gidan aure. Sau da yawa ba a tambayarsu, su kuma kunya ta hana su magana. Ka je da ƙafarka ka same su ɗaya bayan ɗaya.

Sai na nemi izinin hukuma alhali gidana ne?

Fenti da tayil babu ruwan kowa. Amma rushewa, ɗora bene, fitar da shaguna ta bakin titi ko matsar da katanga duk suna buƙatar amincewar Hukumar Tsara Birane ta Jihar Sakkwato, da zanen gini da takardun fili. Kuɗin ya danganta da girman ginin da amfanin da za a yi da shi, kuma komai yawansa ya fi sauƙi a kan a zo a shafa maka jan fenti ana tsakiyar zuba kankare.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, shi ya sa gida mai takardar mallaka ta gwamnati sai da amincewarsa ake sauya masa suna. Gidajen cikin gari da yawa takardar ciniki ce kawai gare su mai hatimin mai unguwa da hakimi. Wanda ya sayi gida don ya fasa, ya fara bincikar takardunsa a ma'aikatar filaye da ofishin SOGIS mai adana bayanan filayen jihar kafin ya kira magini.

Gidan a lungu yake, kuma katanga ɗaya muke da maƙwabci. Wannan zai ƙara kuɗi?

Sosai. Inda tifa ba ta shiga, a bakin titi za ta juye, sai ka biya masu baro su kai ciki, ɓaraguzai ma haka za su fita. Kowane yashi, kowace tsakuwa, sau biyu za ka biya kuɗin ɗaukarta. Ka sa wannan a takarda da sunansa.

Katangar haɗaka kuwa ba a taɓa ta sai an zauna. Sau da yawa rufin maƙwabci a kanta yake, ka zare naka nasa ya biyo. Ku duba ta tare, ka ɗauki hotonta kafin aiki, ku yi magana a kan inda indararo zai zuba da wanda zai biya in wani abu ya faɗi. In za a buɗe gidansa na wasu kwanaki, kai za ka kafa masa shinge na kwano ko zana don iyalinsa.

Zan iya ɗora bene a kan tsohon ginin?

Mafi yawan gidajen ƙasa-ƙasa ba a yi harsashinsu don ɗaukar wani gida a kai ba. Dekin gidan da muka yi misali da shi, mai kaurin santimita 15, kankare ne kubik mita 18, nauyinsa ya haura tan 40, simintinsa kaɗai ya wuce buhu 100, ban da rodi da tsakuwa da katakon tallafi. Wannan ba aikin "ai mun saba" ba ne. Injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, shi ne zai duba, kuma amsarsa yawanci sababbin filoli ne masu nasu harsashin daban. Bayan an zuba, a bar tallafin mako uku, kankare kuma sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa.

Ka kuma yi tunanin tagogin sama. Tagar da ke kallon tsakar gidan maƙwabci rigima ce da ba ta ƙarewa, a ɗaga ta sama da kai ko a juyar da ita.

Ni ɓangare ɗaya na saya a gidan bene na rukunin gidaje. Haka lissafin yake?

Ka huta da rufi da harsashi in ba kai ne a sama ko a ƙasa ba, amma hannunka a ɗaure yake. Ba ka fasa bango sai injiniya ya tabbatar ba ya ɗauke da komai, ba ka matsar da banɗaki nesa da babban bututun da kowa ke amfani da shi, kuma duk ɗigon da ya sauka wa na ƙasa kai za ka biya. A nan kuɗin shimfiɗa maganin hana yoyo a banɗaki kafin tayil ba abin ragewa ba ne. Hawa da kaya sama ma kuɗi ne daban.

Kwangila zan bayar, jinga, ko in riƙa biyan kuɗin wuni?

Kwangila ta dace da wanda ba ya gari ko aikin ofis ya riƙe shi. Za ka biya ribar ɗan kwangila, ka sayi kwanciyar hankali in ka dace da mai amana. Kuɗin wuni sai mai iya tsayawa a kan aiki daga safe har la'asar, in ba haka ba aikin kwana uku zai zama na mako. Abin da ya fi karɓar yawancin mutane shi ne ka sayi kaya da kanka, ka ba kowane mai sana'a jingar aikinsa: birkila nasa, kafinta nasa, mai wuta, falamba, mai tayil, mai fenti. A rubuta abin da jingar ta ƙunsa, har da wanda zai biya leburori da ruwa da kwashe shara, don a nan ake yawan samun "ai ba mu yi da wannan ba".

Kuɗi ya riƙa bin aiki a baya. Ni na koyi wannan da tsada. Ana saura kwana goma Babbar Sallah na ba wani kafinta kashi uku cikin huɗu na jingarsa saboda ya ce yaransa na son kuɗin hidima. Gida a buɗe, katako a zube a tsakar gida, wayarsa a kashe har mako uku. Da ya dawo, rabin katakon ya lanƙwashe a rana. Kafin alƙalami kaɗan ya isa, sauran a biya mataki-mataki, a riƙe kashi 5 cikin ɗari zuwa bayan an gwada aikin, kamar yadda amsar ƙarshe ta yi bayani.

Yaya zan hana kaya zirarewa ko a kawo mini marasa kyau?

Siminti a ƙirga shi safe da yamma, a kuma ƙirga buhunan da aka juye. A jera shi a kan katako nesa da bango, kuma kar a tara wanda zai wuce wata uku. Bulo mai inci 9 na kirki, buhu ɗaya 25 zuwa 30 yake fitarwa. Masu neman riba kan ja shi ya wuce 40. Ka ɗaga guda zuwa ƙirji ka sake shi, mai kyau zai rabu biyu ko uku ko ya tsaya, marar kyau zai koma yashi. Wayar wuta kuma ka kankare bakinta da wuƙa. In ja ne a waje fari a ciki, ba tagulla ba ce, rini aka yi mata.

Wane lokaci ya fi dacewa a fara, kuma wata nawa zai ɗauka?

A sauke rufi bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba ko Nuwamba, a tabbata an mayar kafin Mayu. Iskar farkon damina a Sakkwato ba ta wasa da kwanon da ba a ɗaure da kyau ba, shi ya sa ake zagaye rufi da ɗan bango a sama. Da damina leburori da yawa suna komawa gona, yashi ma yana wuya in gulbi ya cika. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi na haura digiri 40, kankare na bushewa kafin ya nuna. A zuba shi da asuba ko da yamma, a rufe da jiƙaƙƙun buhuna, a ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai. Ruwan nan saye za ka yi a wajen 'yan garuwa ko tanka, ka sa shi a lissafi. Da azumi aiki rabin wuni ne.

Namu wata bakwai ya ci, da kuɗin a hannu. Ka haɗa da kuɗin hayar inda iyali za su zauna, kuma masu gida shekara suke karɓa ko wata shida za ka yi. In 'yan haya ne a gidan da za a fasa, mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata shida aka saba ba shi in babu wata yarjejeniya daban.

Wuta da ruwa fa, ba za a iya barin tsofaffin ba?

Tunda an ɓamɓare yaɓe, wannan ce damar da ba za ta dawo da araha ba. Tsofaffin gidaje don ƙwan fitila da fanka aka ja musu waya, yanzu ga firji, ga dutsen guga, ga na'urar sanyaya ɗaki. Waya mai 1.5 ta fitilu ce, 2.5 ta soket, 4 ta na'urar sanyi da hita. A kafa sandar da ke kai wuta ƙasa, a kuma ja layin sola daban tun yanzu ko ba ka da kuɗin batir, don kar a dawo a tsaga sabon bango. Kafin a taɓa mita a sanar da kamfanin wuta na Kaduna, wanda Sakkwato ke ƙarƙashinsa.

Bututun ruwa a cika shi a bar shi ya kwana a ga ko zai zubar, sannan a rufe. Sokawe ya yi nesa da rijiya ko bohol, naka da na maƙwabci, aƙalla mita 15.

Ina ne bai kamata in yi ƙwauro ba saboda zafin garin nan?

Tsayin ɗaki da rufi. Kar silin ya gaza mita 3, a bar ramukan shan iska tsakaninsa da kwano, a rage manyan tagogi ta yamma ko a yi musu rumfa. Kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.55 ya fi mai 0.45 jimiri da iska. Silin POP yana da kyau, amma ɗigo ɗaya ke ɓata shi, don haka kuɗinsa ya biyo bayan na rufi.

In akwai zaure ko soro na ƙasa mai kauri da yake lafiya, ka yi tunani sau biyu. Mun rushe namu don a sami wurin ajiye mota. Duk watan Afrilu sai na tuna da shi, lokacin da ake ɗauke wuta da rana tsaka kowa na neman inda zai sa kansa.

Kuɗina ba za su kai ƙarshe ba. Zan iya yi a hankali?

Za ka iya, in ka san inda ake tsayawa. Ana tsayawa kafin a sauke rufi, ana tsayawa bayan an mayar da shi an sa ƙofofi da tagogi. Tsakanin nan babu masauki. Gidan da damina ta same shi a buɗe, musamman na ƙasa, ya tashi daga gyara ya koma rusau. In kana tara kaya kaɗan-kaɗan, fara da waɗanda ba sa lalacewa: rodi, kwano, waya, tayil. Siminti da fenti su zo ƙarshe.

Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 na Asusun Gidaje na Ƙasa yana da damar neman rancen gyaran gida a Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, sai dai akwai ruwa a kai. Wanda ke gudun haka ya duba bankuna irin su Jaiz, inda banki ke sayen kayan ya sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali, ko ƙungiyar adashin ma'aikata. Tsohon kwano da ƙofofi da ƙarafa ma kuɗi ne. Ka sayar wa 'yan gwangwan da kanka, kar ka bar su a matsayin rabon leburori sai in kai ka yi niyya. Tsohon silin na asbesto kuwa a jiƙa shi a sauke a hankali ba tare da fasawa ba, ƙurarsa na lahanta huhu.

Me zan duba kafin in biya kuɗin ƙarshe?

Tun kafin yaɓe ka ɗauki hoton kowane bango da wayoyinsa da bututunsa, wata rana za ka so kafa ƙusa. Bayan an gama, ka bi tayil da makulli kamar yadda ka bi tsohon bango, duk wanda ya amsa kamar ganga a ɗaga shi. Ka zuba bokitin ruwa a kowane banɗaki ka ga ko zai nufi rariya ko zai nufi ƙofa. Ka kunna komai na wuta lokaci guda ka bar shi awa ɗaya, ka taɓa soket ka ji ko ya yi zafi. Ka rufe kowace ƙofa da taga da hannu ɗaya.

Rufi kuwa ruwan sama ne kaɗai ke gwada shi, don haka kason kafinta ya jira damina. Namu yoyon a kusurwar kicin ya fito, daren ruwan farko, daidai inda kwano ya haɗu da bango. Na kira kafinta na biyu da muka ɗauka bayan sallar asuba, kafin hantsi yana kan rufin da gudumarsa, don sauran kuɗinsa na hannuna.